Bado a Ɗakin Inna

Ranar Talata da hantsi ina tsakar gida ina tankaɗe garin sandal na haɗin turare, sai na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Sai ga yayanmu Malam Ishaƙ ya yi sallama ya shigo rungume da bokiti. Mutumin da yake da makarantar allo a Ɗanzomo, gemunsa fari fat, wanda ko buta ba a bari ya ɗauka da kansa, shi ne ya taho Gumel da bokitin ruwa a kan cinya. Rigarsa ta jiƙe sharkaf daga ƙirji har gwiwa.

"Yaya Malam, lafiya? Ko kifi ka fara sayarwa?"

"Saƙo ne, Bilkis," ya ce, yana dire bokitin a gindin darbejiya. "Ma'u ce ta ce in kawo miki."

Na ajiye rariyar. Ma'u ita ce Asama'u ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shekara tara ke nan ko a makoki muka haɗu kowa gabansa yake kallo. Duk ranar Alhamis motar da take kai ta kasuwar Maigatari da buhunan zoɓonta ta bakin layinmu take wucewa. Ba ta taɓa cewa direba ya tsaya ba. Ni ma saboda ita na daina zuwa kasuwar da safe, sai na tabbatar ta tattara ta tafi nake zuwa sayen hawi da gabgab, kayan haɗin turare, a wurin 'yan Nijar. Ruwa ba ya tsami banza, don haka ban ko matsa kusa da bokitin ba.

Malam ya ɗage jiƙaƙƙen zanen da aka rufe shi da shi. Furen bado ne guda bakwai, shuɗaye, kamar an tsoma farin ƙyalle a ruwan bula, tsakiyarsu ruwan ɗorawa. Na san inda suka fito ba sai an faɗa min ba. Tabkin bayan gidanmu ne na Ɗanzomo, wanda yake cika da su idan damina ta yi nisa, kafin kaka ta ƙare kuma ka neme su ka rasa. Muna yara Inna takan shiga har ƙugu ta ɗebo 'ya'yan bado, ta dawo da fure ɗaya ta soka a bakin tulu. Ma'u ce mai binta cikin ruwan. Ni ina bakin gaɓa ina tsaron zannuwa, don na tsani matsattsaku.

"Ciyawa ta aiko min?" na ce. "Akuya ta mayar da ni?"

Bai kula ni ba. Ya zaro wata takarda daga aljihu, wadda ya rubuta da ajami, ya gyara tabarau kamar zai karanta wasiyya.

"Ta ce ruwan ya riƙa kai musu har wuya. Na randa, ban da wanda ya sha rana, kuma a sake shi safe da yamma. Ta ce kullum da safe a rage gindin karan da reza, a karkace, kuma hannunki yana cikin ruwan za ki yanka, don karan rami ne da shi, in iska ta shige shi ya daina sha. A ajiye su inda akwai haske amma rana ba ta duka, inda iska take shiga. Ta ce in kin ga sun rufe da la'asar kada ki zubar, barci suke yi, da safe za su buɗe." Ya sosa gemu, ya juya takardar kamar akwai wani abu a bayanta.

"Ƙarasa mana."

"Ta ce ban da turare."

Wallahi da ba yayana ba ne a gabana, da bokitin nan a kansa zai ƙare.

Bari in faɗi dalili. Ni turaren wuta ne sana'ata, shekara talatin. Daga Gagarawa har Sule Tankarkar babu gidan da ake ji da shi da ba a kunna turaren Bilkis ba. Da Inna ta kwanta ciwon ƙirji, ni na ɗauko ta na kawo ta gidana. Shekara biyu da wata huɗu ni ce wanka, ni ce juyi, ni ce wankin shimfiɗa, har fatar hannuna ta saɓule. Ma'u takan zo sau ɗaya a wata da ledar lemo, ta zauna a bakin gado ta yi kuka, kafin la'asar ta hau mota. Inna mace ce mai tsafta, wadda ko a gona ba a taɓa jin tsaminta ba. Da jiki ya ƙi, ta kasa riƙe fitsari, sai na ce ba za a shigo dubiya a yamutsa hanci a kan uwata ba. Kullum da safe sai na turara ɗakin na rufe, ya kama labule da shimfiɗa. Mata suna fitowa suna cewa ba su taɓa ganin ɗakin jinya irinsa ba.

Ranar sadakar ukun Inna, tsakar gidan nan cike da mata, Ma'u ta miƙe ta nuna ni da yatsa. Ta ce, "Ke kika ƙarasa ta da hayaƙinki. Likita ya faɗa, na faɗa, kika ƙi ji." Ni kuma ban rage mata komai ba. Na ce mai ledar lemo ba ta isa ta koya min jinya ba, kuma kada ƙafarta ta sake taka min gida. Ta rantse da Allah ba za ta sake ba. Matan da suke wurin suka kwashe maganar suka kai gidajensu, har yau akwai masu rage murya in na shigo wuri.

"To sai aka yi yaya?" na tambayi Malam. "Tsohon zagin ne aka sa masa fure aka aiko min?"

"Ki bari in gama, Bilkis. Ta ciyar da mutum goma, ta yi kaffarar rantsuwarta, a gabana aka yi. Ta ce jibi Alhamis in za ta Maigatari za ta sauka da hantsi. In ta tarar da su a buɗe za ta shigo, ta zauna, ta ci abincinki, kuma maganar da ta faɗa ranar sadakar uku za ta janye ta, ni ne shaida."

"Jarrabawa za ta yi min ke nan. Yarinyar da na goya."

"Ni dai ɗan aike ne. Ku biyu kun fi ƙarfina, na yi wa'azin har na gaji."

"In ba ta tarar da su a buɗe ba fa?"

"Ba ta faɗa ba, ni ma ban tambaya ba."

Na so in ce ya kwashi kayansa. Amma maganar nan ta Ma'u shekara tara tana zaune a ƙirjina kamar ƙaya, ina so in ji ta cire ta da bakinta. Na ce ya bar su, ba don ita ba, don kada wahalarsa ta tashi a banza. Ya sha ruwa ya tafi yana matse gefen riga.

Ɗakin Inna na kai su. Shi ya fi kowane ɗaki sanyi a gidan, darbejiya ta rufe shi, tagarsa ɗaya tana kallon arewa. Tun bayan rasuwarta na fitar da gadon na shimfiɗa darduma, nan nake saukar baƙi. Na wanke wani tsohon tulu mai faɗin baki na cika shi daga randa, na jera su, na buɗe tagar.

Da la'asar na leƙa na tarar duk sun dunƙule kamar an ja musu zare. Duk da an faɗa min, sai na zaci mutuwa suka yi. Na tsaya a kansu ina masifa ni kaɗai. "Ku ma halinta kuka ɗauko? Daga zuwa sai fushi?" Na sake musu ruwa ina tsaki.

Laraba da safe sai ga su sun buɗe, duka bakwai ɗin. Na durƙusa da sabuwar reza, na cusa hannu cikin ruwa har gwiwar hannu, ina lalube ina yanka a karkace. Karan yana da santsi, yana zillewa, har na yanke ɗan yatsa. Na zagi Ma'u, na zagi tabkin, na zagi wanda ya fara cewa fure abin ajiyewa ne a ɗaki. Sai da na gama na lura da ƙamshinsu. Ɗan kaɗan ne, sai ka sa hanci sosai, irin ƙamshin da ni a sana'ata ba zan karɓi ko sisi a kansa ba. Amma na daɗe a durƙushe a wurin, domin irin ƙamshin da wuyan Inna yake yi ke nan in ta fito daga ruwa.

Ranar nan cur ban kunna kasko a ɗakin ba. Maƙwabciyata Hasanatu ta shigo karɓar turaren da za ta kai wa 'yarta, ta leƙa ta taga ta ce, "Hajiya Bilkis, yau kuma ɗakin baƙi ba ƙamshi? Me kika jiƙa a tulu, magani ne?" Na ce mata eh, maganin masu shiga abin da ba ruwansu. Ta yi dariya ta fita, amma maganarta ta zauna min.

Alhamis na tashi tun asuba. Na yanka kaza, na ɗora shinkafa, na jiƙa tsamiya saboda kunun da Ma'u take so tun tana yarinya, ina yi ina cewa a raina ba don ita nake yi ba, don kada a ce gidana an zo an tashi da yunwa. Da gari ya waye na shiga ɗakin na sake ruwa, na rage gindin karan. Sun fara buɗewa, lafiyarsu ƙalau, har sun fi jiya kyau. Na ce to, Ma'u, yau sai ki haɗiye maganarki.

Sai na tsaya a tsakiyar ɗakin na shaƙa. Warin danshi ne, da ɗan ƙarnin tabki, da warin tsohuwar darduma da ta kwana biyu ba ta ga turare ba. Ni Bilkis, wadda ko mai karɓar kuɗin wuta ya zo ba ya zama a ɗakina sai na turara, ita ce za ta sauki baƙuwar shekara tara a ɗaki mai warin kududdufi? Ta koma Ɗanzomo ta ce ta tarar da ni na lalace? A wurinmu baƙon da aka ƙi kunna wa kasko an gaya masa matsayinsa ke nan. Wannan shi ne dalilin da na faɗa wa kaina. Akwai na biyu a ƙarƙashinsa, kuma shi ya fi ƙarfi. Ina so ta shigo ta tarar da ɗakin ya turaru, furanninta kuma suna tsaye ƙyam, in nuna mata su in ce, "Ga shi nan. Turare ba ya kashe komai."

Na ɗauko babban kasko na cika shi da garwashi daga murhu. Na buɗe kwalbar da ba na sayarwa, haɗin hawi da farcen turare da na jiƙa tun bara, na zuba da hannu a sake. Ɗakin ƙarami ne, babu inda za a ajiye kasko sai kusa da tulun. Na ja tagar na rufe, na saki labule, na ja ƙofa, yadda nake yi kullum don ya kama. Na koma kan girkina.

Hantsi ya yi ba su zo ba. Na ce kafin su iso ƙamshin zai saki, na buɗe ƙofar kaɗan, na miƙa hannu na ƙara garwashi da turare ba tare da na shiga ba, na mayar na rufe. Ban duba tulun ba. Ban ga dalilin dubawa ba.

Rana ta kusa tsaka na ji sallamar Malam. A bayansa Ma'u ce. Ta rame, ta yi furfura a gaban goshi, har ta fara tafiya irin ta Inna, tana jan ƙafar hagu. Ta tsaya daidai bakin zaure, yatsun ƙafarta a kan dokin ƙofa, ba ta ƙetare ba.

"Motar ce ta lalace mana a hanya," in ji Malam. "Ku gaisa mana."

"Ina kwana," ta ce, tana kallon darbejiya.

"Kwana ya yi nisa," na ce. "Sai dai ina wuni."

"Suna ina?"

"Ko ruwa ba za ki sha ba sai kin duba jarrabawar? Suna ɗakin Inna. In kina tsoron shigowa in ɗauko miki."

Hancinta ya motsa. Na ga fuskarta ta sauya tun kafin in rufe baki. Ta ƙetare dokin ƙofar nan da ta shekara tara ba ta ƙetare ba, ta wuce ni kamar ba na wurin, ta tura ƙofar ɗakin.

Hayaƙi ya yo waje a dunƙule. Ta ja baya tana tari, tari mai ƙarfi har da dafa bango, Malam ma ya kare hanci da hannun riga. Ni da na saba, sai da idona ya kawo ruwa. Zafin da ya biyo bayan hayaƙin kamar an buɗe tanda.

Da ya ɗan lafa muka gan su. Duka bakwai ɗin sun sunkuya a bakin tulun, wuyansu ya yi laushi ya lanƙwashe. Waɗanda suke ɓangaren kaskon gefensu ya yi ruwan ƙasa ya nannaɗe. Shuɗin nan ya dushe ya koma toka-toka. Ɗaya ya zube har kansa yana taɓa darduma.

Na buɗe baki, don na riga na tanadi magana. Zan ce dama kwanansu ya ƙare, zan ce motarta ce ta makara, zan ce da gangan ta zaɓo masu saurin mutuwa don ta kunyata ni. Duk suna bakina. Amma idona ya sauka a kan tagar da ke rufe, daidai inda kan gadon Inna yake a da, sai na ji muryarta kamar yanzu take yi. A hankali take faɗa, tana jan numfashi tsakanin kalma da kalma. Kullum in na ajiye kaskon zan fita sai ta faɗa.

"Takan ce in buɗe mata taga," na ji bakina yana faɗa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mijina. "Takan ce, Bilki, buɗe min taga. Sai in ce mata sanyi zai kama ki, Inna, kuma ƙamshin zai fita. In ja ƙofa."

Malam ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya sunkuyar da kai.

Ma'u ta juyo ta dube ni, karo na farko a shekara tara. Na zaci zan ga murna a idonta, irin ta wanda ya ci nasara. Da na gani da na ji sauƙi, don da na san abin da zan yi da ita. Babu.

"Na sani," ta ce. "Ta gaya min. Ta ce kada in yi miki faɗa, wai don ita kike yi."

Ta shiga ɗakin ta banke tagar har sai da ƙarfen ya daki bango. Ta naɗe hannu da gefen mayafi ta ɗauko kaskon ta fito da shi tsakar gida. Ta koma ta ɗauko tulun, ta zare furannin ta riƙe a hannu ɗaya, ta juye ruwan a kan garwashin. Ya yi cuuu, toka ta tashi ta baɗe mana ƙafafu.

"Na zo da niyyar in janye," ta ce. "Wallahi da ita na kwana. Kaffarar ma don haka na yi. Na ce ko sau ɗaya ne Bilkis ta ji magana a kan abin da ba ya iya cewa a buɗe masa taga, shi ke nan, na yafe, in ce ni na yi kuskure. Kwana biyu kawai na roƙa."

"Ma'u, kin dai shigo," in ji Malam. "Tunda kin shigo ki zauna. Ga abinci ta yi."

"Na shigo kashe wuta ne, Yaya Malam. Na kashe."

Ta durƙusa ta duba furannin ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga kansu da yatsa suna komawa. Babu wanda zai tashi. Ta ajiye su a kan turmi a jere, ta goge hannu a zane.

"Ruwan tabkin ya fara ja da baya," ta ce, ba ni take kallo ba. "Waɗannan ne na ƙarshe masu kyau. Sai baɗi kuma, in da rai."

"Baɗin za ki aiko?" na ce. Muryar da ta fito ba tawa ba ce, ta wata ce mai roƙo.

Ta gyara mayafi ta nufi zaure tana jan ƙafa, Malam ya bi ta yana kiran sunanta. Na ji tashin babur ɗin hayar da ya kawo su daga tasha, na ji ya yi nisa ya nufi hanyar Maigatari.

Shinkafar ta kama a tukunya, ina jin ƙaurinta ban tashi ba. Na shiga ɗakin na zauna a ƙasa, a wurin da kan gadon yake, na jingina da bango. Daga nan tagar ba ta da nisa, taku biyu ne ga mai ƙafa. Ƙamshin ya kama labule, ya kama darduma, ya kama bango, irin kamun da nake alfahari da shi, wanda yake yin sati bai saki ba. Tagar tana buɗe, amma sai da na yi ta jan numfashi kafin in sami iska.